Jirgin Katako da Yadi: Na Bi Sawun Moth a Ingila

Suna ne ya kai ni Ingila. An yi wa ɗan ƙanwata haihuwa a Luton, inda yake aikin asibiti, aka ce lallai sai kawu ya zo. Da hidima ta lafa, yaron da ya san na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yara gyaran inji a makarantar koyon sana'a ya ce, "Kawu, ba zan kai ka ƙofar fadar sarki ba, na san ba ta gabanka. Akwai inda za ka ga inji har ka gaji." Muka hau jirgin ƙasa zuwa Landan, muka sauka a South Kensington, muka shiga gidan tarihin kimiyya.

A can sama akwai wani dogon zaure da aka rataye jirage a rufinsa. Manya na nan, na yaƙi na nan, amma wanda ya tsayar da ni ɗan ƙarami ne, kore, mai fukafukai hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an haɗa su da sanduna da wayoyi. An rubuta G-AAAH da manyan baƙaƙe a gefensa, kusa da hancinsa kuma Jason. In ka cire injin da wayoyin, kusan duk jikinsa katako ne da yadi. Sunan irinsa Gipsy Moth, ƙirar kamfanin de Havilland.

Wannan jirgin ne wata budurwa 'yar garin Hull, Amy Johnson, ta tuƙa ita kaɗai. Ta tashi daga filin Croydon ran 5 ga Mayu 1930, ta sauka Darwin a arewacin Ostareliya ran 24 ga watan, tafiyar kusan mil 11,000. Shekarunta 26 a lokacin, kafin nan kuma aikin sakatariya take a ofishin lauyoyi. Na hannu ta saye shi, fam 600. Mahaifinta, mai fataucin kifi, ya biya wani kaso, Lord Wakefield mai kamfanin Castrol ya cika. Sunan Jason ma tambarin kasuwancin mahaifin ne.

Jarumtarta kowa ya yarda da ita, ni dai gyaran da aka yi ta yi a hanya ne ya fi kama hankalina. Kafin ta tafi ta zauna a gareji ta koyi aikin inji har ta sami lasisin makaniken jirgi, ita ce mace ta farko da ta same shi a Birtaniya. In ta sauka da yamma, ita za ta duba fulogi, ta tace mai, ta ɗaure abin da ya kwance. A sama kuma da hannu take buga famfo tana tura fetur daga tankunan da aka ƙara mata zuwa tankin da ke bisa kanta. Ta isa Karachi cikin kwana shida. Kusa da Rangun ruwan damina ya rufe mata ido, ta sauka a filin ƙwallon wata makarantar fasaha a Insein, jirgin ya afka rami, fiffike ya karye, farfela ta lalace. Malamai da ɗaliban makarantar suka sassaƙa sababbin haƙarƙarin fiffike, aka nemo yadi aka ɗinka, ta ɗaura wata farfela da ta taho da ita ɗaure a jikin jirgin, cikin 'yan kwanaki ta sake tashi. Na daɗe a tsaye ina tunanin waɗannan ɗaliban. Irin yaran da na koyar ne, masu zarto da guduma da tukunyar gam, suka mai da jirgin sama sama. Tun daga nan na ce wa yaron sai na ga inda aka ƙera shi.

Babu abin gani sosai a wurin. Mun sauka a tashar Burnt Oak a arewacin Landan, muka taka zuwa titin Stag Lane. Gidaje ne jere, shagunan 'yan Indiya da 'yan Romaniya, motocin bas suna wucewa. An rufe filin jirgin tun 1934, bayan kamfanin ya koma Hatfield, aka yanka shi filaye. Abin da ya rage sunayen tituna ne, irin su De Havilland Road da Mollison Way. A nan dai, ran 22 ga Fabrairu 1925, Geoffrey de Havilland da kansa ya tashi da Moth na farko, mai lamba G-EBKT.

Mutumin ya san wuyar abin tun daga tushe. Jirginsa na farko da kuɗin kakansa ya haɗa shi, matarsa ce ta ɗinka yadin fukafukan da keken ɗinki, ya kuma tarwatse a tashin farko. Na biyun ya tashi a 1910. Ya zana jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kafa nasa kamfanin a 1920. Bayan yaƙin kowa a Ingila yana maganar ƙaramin jirgi mai araha wanda mutum zai mallaka. A 1923 da 1924 aka shirya gasa a Lympne, aka ƙayyade girman inji ƙwarai, har wasu suka sa injin babur. Jiragen sun tashi, amma da ƙyar, iska kaɗan ta ishe su. De Havilland ya shiga ta 1923 da wani ɗan jirgi, DH.53, ya ga iyakarsa. Ya koma ya yi babba mai ɗaukar mutum uku, DH.51, ya yi tsada, uku kacal aka ƙera. Sai ya tsaya tsakiya: mutum biyu, ƙarfin doki 60, ɗan wurin jaka.

Matsalar ita ce babu inji mai wannan girman a kasuwa. Yadda aka warware ta ya burge ni ƙwarai, don aikin mai basira ne da ya san darajar kayan kwance. Akwai wani kamfani da ya sayi ragowar kayan jiragen yaƙi jibgi guda, cikinsu har da injunan Renault masu silinda takwas. Injiniya Frank Halford ya ɗebi silinda huɗu da fistin ɗinsu, ya jera su layi ɗaya a kan sabon gindi, aka sami injin da aka kira Cirrus. Ba a kashe kuɗin ƙera injin gaba ɗaya daga farko ba, kayan gyara kuma ga su nan tuli. Sunan Moth ya fito ne daga sha'awar mai kamfanin, wanda tun yana yaro yake tara malam-buɗe-littafi da danginsa na dare, irin waɗanda ke kewaye fitila.

Wata uku da tashin farko, matuƙi Alan Cobham ya je Zurich, a ƙasar Suwizalan, da jirgin ya dawo Landan a yini guda. Gwamnati ta lura. Shugaban sashen sufurin sama na farar hula, Sir Sefton Brancker, ya tsaya kai da fata aka tallafa wa kulob biyar na koyon tuƙi, a Landan, Lancashire, Midland, Newcastle da Yorkshire, aka ba su Moth. A ganina nan ne asirin ya ke. Jirgi mai kyau shi kaɗai da ya zama abin wasan masu kuɗi. Ko da farashinsa ya sauko zuwa fam 650, ma'aikacin masana'anta sai ya yi shekaru yana tara albashinsa gaba ɗaya kafin ya haɗa wannan kuɗi. Kulob ne ya sa akawu da malamin makaranta suka iya biyan kuɗin awa guda a ƙarshen mako. A kulob ɗin Landan, a nan Stag Lane, Amy Johnson ta koya.

Da kayan kwancen suka fara ƙarewa, kamfanin ya sa Halford ya zana masa nasa injin, Gipsy, mai ƙarfin doki 100, aka fara sa shi a 1928. Don a nuna wa masu saye ingancinsa, aka ɗauki inji guda aka buga masa hatimi, aka yi ta tashi da shi awa 600 ba a buɗe cikinsa ba. Da aka kwance shi, kayan da aka sauya ba su wuce na fam bakwai da 'yan sulalla ba. Moth ya ci gasar kofin sarki a 1926, 1927 da 1928. An ƙera shi a Faransa da Amurka da Ostareliya. A Kanada an buɗe reshe a 1928 don haɗa shi, kuma daga wannan reshen ne Dash 8 mai farfela biyu ya fito daga baya, wanda da yawanmu mun hau tsakanin garuruwan Nijeriya.

Duk wannan tarihi ne na takarda. Jirgin da ke rataye a rufi ba ya gaya maka yadda yake da rai. Sai yaron ya binciko cewa akwai wani ƙauye, Old Warden, a gundumar Bedfordshire kusa da Biggleswade, ƙasa da awa guda a mota daga Luton, inda ake tashi da su har yau. Muka jira ranar da ake baje kolin tashi, muka yi sammako.

Hanyar ƙauyen siririya ce, shingen ganye dama da hagu, in mota ta taho sai ɗaya ta raɓe. Filin kuwa ciyawa ce shimfiɗe, ba kwalta. Gefe guda rumfunan jirage ne a jere. Da shiga ta farko hancina ya gaya mini inda nake: warin baƙin mai, fetur, da wani fenti mai kaifi da ake shafa wa yadi don ya ɗaure. Ƙarƙashin kusan kowane inji akwai tire da mai ke ɗiga a ciki. Duk makanike ya san ma'anar wannan. Injin da ke zubar da mai injin da ake tayarwa ne.

Wurin gadon wani saurayi ne, Richard Shuttleworth, ɗan masu arziki, mai tseren mota, wanda ya ci babbar gasar Donington a 1935. Yana sayen tsofaffin motoci da jirage yana gyara su su koma aiki. Ya shiga rundunar sojan sama da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya mutu a hatsarin jirgi yana atisaye a watan Agusta 1940, yana da shekara 31. Mahaifiyarsa, Dorothy, ba ta sayar da kayan ba. A 1944 ta mai da dukiyar amana don tunawa da shi, aka ci gaba da bin ƙa'idarsa, wato abin da aka ajiye ya kasance yana aiki. Akwai Blériot na 1909 a nan, jirgi mafi tsufa a duniya da har yanzu yake iya barin ƙasa.

Moth biyu na tsaya a kansu. Ɗaya G-EBLV ne, wanda aka kai wa kulob ɗin Lancashire a 1925, shekarar farko. Ɗayan G-EBWD, ƙirar 1928, jirgin farko da Shuttleworth ya saya a 1932, kuma tun daga lokacin wannan filin ne gidansa.

Na matsa har igiyar da aka gitta ta taɓa gwiwata. Gangar jikin akwati ne dogo, sandunan katako huɗu an lulluɓe su da fale-falen katako. Fiffike kuwa in ka kalle shi ta gefen haske kana ganin haƙarƙarinsa ta cikin yadin, kowane haƙarƙari an ɗinke yadin a kansa da zare, ƙulli bayan ƙulli, an bi da siririn ƙyalle an rufe ɗinkin. Kowace waya da ke riƙe fukafukan tana da abin ɗaurewa, kowane noti an zura masa 'yar waya an murɗe don kada girgiza ta kwance shi. Tankin fetur yana tsakiyar fiffiken sama, galan 19, man na gangarowa da kansa zuwa inji, ba a buƙatar famfo. Kujeru biyu ne, gaba da baya, a buɗe, ba rufi. Matuƙi a baya yake zama. Na leƙa gabansa: sandar tuƙi, totur a hagu, kamfas, da 'yan agogai da ba su cika yatsun hannu biyu ba. In za su yi magana da na gaba, ta bututun roba ne da ke zuwa kunnen hular fata. Babu birki. A wutsiya babu taya, wani ƙarfe ne ke jan ƙasa yana rage gudu, abin da ya sa ciyawa ta fi masa kwalta.

Wani dattijo cikin masu aikin sa kai ya ga na ƙi gaba, ya zo ya nuna mini inda ake zare ƙusa a gindin fiffike, a naɗe fukafukan baya su kwanta a jikin jirgin. Faɗin da ya kai ƙafa 30 sai ya koma ƙasa da ƙafa 10, ya shiga rumfa ƙarama, ko a ja shi da mota. Yaron ya gaya masa aikin da na yi, sai fuskarsa ta sake, ya ja mu zuwa inda ake hango masu gyara. Wani fiffike na kwance tsirara a kan benci, wata yarinya da ba ta wuce sa'ar ɗalibaina ba tana shafa gam, wani mai furfura na tsaye a kanta bai ce komai ba. Abin da na fi so in gani ke nan a duk tafiyar. Katako yana ruɓewa, yadi yana tsufa, ana sauya su. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne hannun da ya san yadda za a ja waya har ta yi daidai, kuma wannan sai an tsaya kusa da mai shi shekara da shekaru. Na ga makarantun sana'a da dama a gida da injunansu suka mutu ba don sun tsufa ba, sai don wanda ya san su ya yi ritaya ba a ba shi yaro ya koya masa ba. Abin yana ci mini rai har yau.

A wata rumfar na ci karo da ɗaya daga cikin DH.51 ukun nan, an rubuta masa Miss Kenya. Shi ne jirgi na farko da aka yi wa rajista a Kenya. Ganinsa ya tuna mini cewa Afirka na cikin wannan labari, ko da yake a matsayin hanya da filin gwada ƙarfi take ciki, mu kuma masu kallo daga ƙasa. A 1928 Lady Mary Bailey ta tashi da Moth daga Croydon zuwa Cape Town, jirgin ya kife da ita a Tabora aka kawo mata wani, sannan ta dawo ta Kwango da gefen kudu na Sahara da gaɓar yamma, ta isa gida a Janairu 1929. Ba kowa ya dawo ba. Bill Lancaster, a cikin Avro Avian, kishiyar Moth a kasuwa, ya faɗi a hamada kudu da garin Reggane na Aljeriya a 1933, sai a 1962 aka tsinci gawarsa kusa da tarkacen jirgin.

Na ce wa yaron, "Ka san a shekarar da Moth ya fara tashi jirgi ya fara sauka a Kano?"

Ya ce, "Kawu, a makaranta ba a gaya mana ba."

A watan Nuwamba 1925 ne, jirage uku na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham. DH.9A ne, zanen de Havilland ɗin nan dai. Da aka fara jigilar wasiƙu ta sama tsakanin Khartum da Kano a 1936, da DH.86 aka yi, shi ma mai fukafukai hawa biyu, mai injunan Gipsy huɗu. Jiragen mulkin mallaka ne, don amfanin masu mulkin aka kawo su, ba na ɓoye wannan. Amma ƙarar jirgi ta farko da kakanninmu suka ji a sararin Kano daga teburin zanen mutum guda ta fito da wannan ɗan jirgin da nake tsaye a gabansa.

Bayan azahar aka turo jiragen waje da hannu. Mun yi salla a gefen mota, muka dawo bakin shinge. Moth ba shi da makunni. Aka sa weji a gaban tayoyi, mutum ɗaya ya tsaya gaban farfela yana juya ta a hankali don mai ya shiga silinda, suna kiran juna da matuƙi da ƙarfi, kowa na maimaita abin da ɗaya ya faɗa, don kuskure a nan hannu ne ko rai. Sai ya kama bakin farfelar ya fizge ta ƙasa, ya ja da baya a taki ɗaya. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya kama. Ƙararsa kamar ta injin niƙa na unguwa, kana iya ƙirga bugun kowace silinda. Aka bar shi ya yi zafi, aka janye weji da igiya.

Matuƙin ba ya ganin gabansa saboda hancin jirgin na sama, don haka tafiyar maciji ya riƙa yi a kan ciyawa yana leƙe dama da hagu. Ya fuskanci iska, ya ba shi wuta, wutsiya ta ɗaga, kafin in gyara tsayuwa ya bar ƙasa. Gudunsa na tafiya bai fi mil 85 a awa ba, ana ganin kan matuƙin yana juyawa. Da zai sauka sai ya karkato shi gefe guda yana zamewa don ya rage tsawo, ya miƙe shi dab da ƙasa, tayoyi biyu da wutsiya suka taɓa ciyawa tare. Wani tsoho kusa da ni ya buga tafi shi kaɗai tun kafin sauran jama'a.

Bayansa Tiger Moth ya tashi, ƙanensa na 1931. Bambancin a bayyane yake in suna kusa. Sojoji sun so mai zama a gaba ya iya fita da laima in hatsari ya zo, sai aka matsar da tsakiyar fiffiken sama gaba, aka karkatar da fukafukan baya don nauyi ya daidaita, aka kuma kifa injin don matuƙi ya ga hanya. An ƙera fiye da 8,000, a cikinsu dubban matuƙan Yaƙin Duniya na Biyu suka koyi tashi. Jirgin da aka yi don yawon ƙarshen mako ya zama ajin farko na yaƙi. Shi kansa de Havilland ya rasa 'ya'yansa biyu a gwajin jiragen kamfanin, John a 1943, Geoffrey ƙarami a 1946. Amy Johnson ta faɗa ruwa a bakin kogin Thames a Janairu 1941 tana kai wa sojoji jirgi, ba a ga gawarta ba.

Mun jira har yamma ko iska za ta kwanta a fito da Blériot, don shi da sa'o'insa ba sa tashi sai ganye ya daina motsi. Ba ta kwanta ba, aka sanar cewa ba za su fito ba, jama'a suka fara naɗe kujerunsu ba wanda ya yi gunaguni. Duk wanda zai je, ya duba ranakun tashi tun kafin ya sa rana, tsakanin Mayu da Oktoba ake yi. Ya tafi da rigar sanyi ko da rana ta fito, ya tafi da abincinsa in yana kiyaye abin da yake ci, ya kuma tanadi mota, don daga tashar Biggleswade zuwa filin akwai 'yar tafiya. Ya isa da wuri ya fara da rumfar masu gyara, kafin a turo jirage waje kowa ya koma bakin shinge.